Da Sauƙi, In Ji Shafi'i

Kazaure,
9 ga Afrilu.

Zuwa ga Zulaikha,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Jannatu, da Kawu Baba Kura, da sauran mutanen gida. Yaya jego, yaya zafin Babura? Ni a nan alhamdulillahi, jiki da sauƙi.

Na san tun kafin ki buɗe kin fara dariya, kina cewa taubashin naki ya koma zamanin da, yana aiko wasiƙa a hannun Maikasuwa direba. Ki yi dariyarki. Wayata ce ta riga ni shan wahala ranar da abin ya faru, dutse ya danne ta, ko murfinta ban gani ba.

Labarin ya zo miki ta bakin mutane, kowa da ƙarin gishirinsa, shi ya sa na ce bari ki ji daga gare ni. Kin san wurin fasa dutsen da muke aiki, can bayan duwatsu ta hanyar Roni. In za a tashi nakiya sai a busa usur, kowa ya fice. Ranar an busa, amma ina gindin injin da ke markaɗa dutse, ƙararsa ta hana ni ji. Abu, wanda ke tashin nakiyar, ya ɗauka kowa ya fita. Ni dai na ga ƙasa ta koma sama, sai farkawa na yi a gadon asibiti. Kafaɗata ta gurje, ta kuma fara warkewa. Kunnuwan ne suke ɗan ƙugi, kamar maƙwabta sun kunna injin niƙa.

Abu ya zo dubiya yana kuka kamar ƙaramin yaro. Na kama hannunsa a gaban manaja na ce na yafe masa duniya da lahira, don ba da gangan ya yi ba. Manajan ma ya yi ƙoƙari. Ashe kamfanin ya sa sunayenmu a asusun gwamnati da ke biyan diyya in ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, ya kuma aika musu da rahoto. An ce sauran takardar likita.

Kada ki ce za ki zo. Ba ki gama wanka ba, yarinyar kuma ɗanya ce, hanyar nan ba ta jariri ba ce. Da zarar kunnen ya washe zan zo da kaina. Rabona da ku tun ranar suna, kuma ɗakin nan ya yi min girma. Tabarmarki tana nan a jingine inda kika bar ta, na kasa ɗauke ta.

Ki durƙusa ki gaishe min da Kawu.

Naki,
Shafi'i.

*

Babura,
15 ga Afrilu.

Yaya Shafi'i,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, kuma ka yi gaskiya, na yi dariya, amma sai da na gama kuka. Muna nan lafiya. Baba yana amsawa, ya ce Allah ya ƙara afuwa, ya sa kaffara ce.

Na ji daɗi da ka ce da sauƙi. Tun ranar da aka zo da labarin ban ci abincin kirki ba, sai kunun kanwar da ake ɗura min dole. Jiya kuwa na cinye tuwo malmala guda har ina neman ƙari.

Na gama arba'in, an daina azabtar da ni da tafasasshen ruwa. In ka gan ni ba za ka gane ni ba, na yi fari na yi kumatu, sai ka sake biyan sadaki. Mutuniyar taka kuwa kullum ƙara kama take yi da kai, abin takaici. Duk wahalar da na sha, ko hancina ba ta ɗauko ba. In ta tsanyara kuka da rana har masu awon gero a ƙofar gida sai sun ce a ba ta haƙuri.

Ga waya nan na ba Maikasuwa, tsohuwar ta Baba ce da ya daina amfani da ita, na sa layi a ciki. Rubutunka yana da kyau, amma takarda ba ta tsokana yadda bakinka ke yi. Zan riƙa kira bayan la'asar, lokacin da yarinyar take farke, ka ji irin rigimar da ka haifa.

Ka faɗa min ranar da za ka zo ka mayar da mu ɗakinmu. Kayana a ɗaure suke.

Taka,
Zulai.

*

Kazaure,
12 ga Mayu.

Zulaikha,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Jiki da sauƙi.

Wayar ta iso, ki yi wa Kawu godiya. Maganar diyya ta fito. Sun ce bisa rahoton likita rauni ne na ɗan lokaci kuma ya warke, sun biya na magani, sun rufe maganar. Na koma aiki, amma an mayar da ni bakin ƙofa ina buɗe wa tifofi.

Ki ƙara haƙuri ki zauna a gida tukuna. Kuma ki rage kira.

Shafi'i.

*

Babura,
14 ga Yuni.

Yaya,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Muna lafiya, tunda ka tambaya a layi ɗaya.

Na karanta 'yar takardar nan taka har ta fara yagewa a wurin ninki, ina neman inda na yi maka laifi. Ki zauna a gida tukuna. Ki rage kira. To na rage, har na daina. Amma kafin in daina, kullum la'asar sai na zauna a bakin rijiya da yarinyar a cinya, ina jin wayar tana shiga har ta katse. Ba a kashe take ba, Yaya. Shiga take yi.

Babbar Sallah ta zo ta wuce. Na yi kitso, na yi lalle, na ajiye maka soyayyen nama a kwano da murfi, duk motar da ta tsaya a bakin titi sai na leƙa. Tsakanin Kazaure da Babura ba Makka ba ce. Matan gidan nan sun fara tambayata ko wankan nawa na shekara ne. Baba bai ce komai ba, kuma ka san shirunsa ya fi faɗansa ciwo. Kai ɗan ƙanwarsa ne kafin ka zama surukinsa, ya zai yi da bakinsa?

In na gundure ka ne, ka faɗa min. Tun muna yara a gidan Gwaggo Aisa a Gwiwa kake cewa surutuna zai kashe ka, ina ɗauka wasan taubasai ne. In ya zama gaske, ka rubuto a fili, zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ba shi ne wannan zaman jiran da ba rana. Ina kewarka, kuma ina jin haushin kaina da nake kewarka.

Zulai.

Na riga na ninke takardar nan, Maikasuwa ya zo karɓa, sai na sake buɗewa. Na tambaye shi ko ya gan ka kwanan nan, ya tsaya yana sosa ƙeya. Da na matsa masa ya ce shekaranjiya ya gan ka a tashar Kazaure kana tafiya a tsakiyar hanya, ya danna maka oda a bayanka har mutane suka fara zaginsa, ba ka waiwayo ba, sai da wani mai adaidaita ya fizge ka gefe. Ya ce ka roƙe shi kada ya faɗa.

Ban goge abin da na rubuta a sama ba, don ka ga inda sauƙin naka ya kai ni. Yaya, don girman Allah, kana ji ko ba ka ji?

*

Kazaure,
20 ga Yuni.

Zulai,

Assalamu alaikum. Allah ya sa kuna lafiya. Na ɗauki biro zan rubuta abin da na saba rubutawa a nan wurin, sai na tuna kin haɗa ni da Allah.

Ba na ji. Kunnen dama shiru ne gaba ɗaya. Na hagu in an yi tsawa ko an buga ƙofa da ƙarfi nakan ji wani abu daga nesa, kamar ina cikin ruwa. Na yi ta jira ya washe, shi ya sa nake ɗaga zuwan nawa. Wayar da kika aiko kuwa, kullum la'asar ina ajiye ta a gabana. Ina kallon sunanki yana haske har ya mutu. Sau ɗaya na ɗauka na kara a kunne, na san kina magana a ciki, na san watakila kin kara wa yarinyar, ban ji komai ba. Ranar ce na rubuto miki ki rage kira.

Za ki ce to ya aka yi likita ya rubuta na warke. Ba laifinsa ba ne. Dattijo ne, sa'an mahaifina, ga layin marasa lafiya har waje. Ya duba kafaɗar, ya haska kunnen, sai na ga bakinsa ya motsa. Ban ji ba, amma me ake tambayar mara lafiya in ba yaya jiki ba? Na ba shi amsar da aka koya mana. Ya sake magana, na gyaɗa kai. Ya sake, na ce alhamdulillahi. Ke kin san gidan da muka tashi. Kakarmu tana kan gargara ana tambayarta jiki tana cewa da sauƙi, har ta cika. Ban taɓa jin wani namu ya buɗe baki ya ce babu sauƙi ba. Kuma in sa dattijo ya yi ta maimaita magana yana ɗaga murya saboda ni, na ga rashin ladabi ne. Abin da na faɗa shi ya rubuta, abin da ya rubuta shi masu diyya suka karanta.

Batun zuwa Babura kuma, ki yi tunani. In na shigo zauren Kawu zan cire takalmi, in durƙusa daga nesa, in sunkuyar da kai, ya yi ta jero gaisuwar nan tasa mai tsawo ina amsawa. Yanzu ni sai na ƙura wa bakin mutum ido nake tsintar abin da yake cewa. In sunkuya, ya tambaye ni aiki in amsa masa da ruwan sama? Ko in ɗaga kai in zuba wa surukina ido a gaban mutane? Na auna duka biyun na kasa.

Sallah ma sai na ga maƙwabta sun fito da buta nake sanin an kira. Amma ba kiran sallah na fi kewa ba, Allah ya yafe min. Muryarki ce. Surutun nan da nake cewa zai kashe ni, yau da za a sayar min da shi da na saya. Kukan Jannatu kuwa na ranar suna kawai na sani, shi nake ta juyawa a kaina.

Wani a wurin aiki ya ce akwai na'urar da ake maƙalawa a kunne, mai yiwuwa ta taimaki na hagun, kuma da an rubuta gaskiya da asusun ne zai ɗauki nauyi. Amma ya zan yi? Na ce na yafe a gaban shaidu, in dawo kuma ina neman diyya, ai na zama mai magana biyu. In na tayar da maganar, ba Abu za a kama ba? Yana da 'ya'ya ƙanana. Kuma abin da aka riga aka rufe, wa zai buɗe min? Bayan haka, wanda dutse ya tashi da shi ya sauko da ransa, in ya ce babu sauƙi, anya bai yi wa Allah butulci ba?

Ki yafe min Sallar da na sa kika yi.

Naki,
Shafi'i.

*

Babura,
2 ga Yuli.

Yaya Shafi'i,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Muna lafiya. Ba zan tambaye ka jiki ba, na gaji da amsarka.

Na yi kuka na ƙoshi, sannan na share fuska na tashi neman amsar tambayoyinka, tunda kai ka zauna kana yi wa kanka shari'a kana kuma yanke wa kanka hukunci. Allah ya taimake ni Anti Nafisat, 'yar aminin Baba da ke aikin lauya a Dutse, ta zo biki unguwarmu. Na ja ta ɗaki na karanta mata inda ya kamata ta ji. Sauran ban karanta mata ba, nawa ne.

Ta ce yafiyar da ka yi wa Abu tana nan daram, tsakaninka da shi ne da Ubangijinku, ladanka kuma yana nan. Amma diyyar nan ba daga aljihun Abu za ta fito ba, ba kuma ƙararsa za ka kai ba. Asusu ne da kamfanoni ke zubawa tun kafin a ji ciwo, saboda irin wannan rana, kuma ba a tambayar laifin wa ne kafin a biya. Ta ce ko da takarda ka sa wa hannu da kamfani cewa ka haƙura da haƙƙinka, doka ba ta yarda da irin wannan yarjejeniya ba, balle maganar da ka yi a gadon asibiti. Rufewar da suka yi kuma ba ta kabari ba ce. Kana da damar ɗaukaka ƙara su sake dubawa, sai dai akwai wa'adi, kuma kwanakin da ka yi kana jiran kunne ya washe duk a cikinsa suke tafiya. Abin da ake buƙata shi ne sabon rahoto daga likitan kunne a Kano, inda ake gwaji da na'ura. Ta ce za ta rubuta maka takardar, ta kuma raka ka. Amma ta ce in ja maka kunne, na ce mata wanne daga ciki. Ta ce akwai abu ɗaya da lauya ba ya iya yi wa mutum, shi ne ya faɗa wa likita inda ke masa ciwo.

Tambayarka ta ƙarshe ba ta lauya ba ce, don haka na kai wa Baba. Kada ka ɓata rai, ai kawunka ne. Na same shi a zaure bayan azahar, na faɗa masa komai, har da maganar gaisuwa. Ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce in rubuta maka wannan yadda ya faɗa, kada in gyara:

"Ki ce masa da sauƙi amsar mai dubiya ce, don kada ya koma gida da damuwa. Likita ba dubiya ya zo ba. Wanda ya nuna wa mai magani ciwonsa bai kai ƙarar Allah ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gaisuwa kuma, ya zo ya zauna kusa da ni ya kalli bakin nawa son ransa. Haƙora huɗu suka rage a ciki, ba abin da zai gani da zai hana shi barci."

Ya faɗi haka yana dariya, amma da na juyo zan fita na ga yana goge ido da bakin rawani. Ya ce tun kana yaro haka kake, ƙaya ta soke ka a gona ka yi ta ɗingishi kana cewa ba komai, har ƙafar ta kumbura.

Ni kuma ga tawa. Ban auri kunnuwanka ba, da su nake so da na auri zomo. Ka je Kano. In suka tambaye ka, ka tuna amsar ba taka ba ce kai kaɗai, da ni a ciki, da yarinyar nan da ta fara gwaranci, tana ta ba-ba-ba tun safe, wanda take nufi kuwa bai ji ba. In ka sake ce musu da sauƙi, wallahi zan ɗauko ta mu hau motar Maikasuwa, in zo in tsaya a ƙofar kamfanin naku in yi ta surutu har sai ka ji.

Kayana har yanzu a ɗaure suke. Na gaji da kwance su ina ɗaukar zani ina sake ɗaurewa.

Taka,
Zulai.

*

Kazaure,
21 ga Agusta.

Zulai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Jannatu, ina gaida Kawu da haƙoransa huɗu, amma wannan kada ki karanta masa. Jiki kuwa babu sauƙi. Kin ga na rubuta, kuma rufin ɗakin bai faɗo min ba.

Na yi shiru ne don ba na so in sake aiko miki da rabin magana. Mun je Kano da Anti Nafisat. Suka sa ni a wani ɗan ɗaki, suka kifa min abu a kunnuwa, suka ba ni maɓalli suka nuna min in danna duk lokacin da na ji ƙara. Ina hango mai gwajin ta gilashi, tana murɗa na'urarta tana kallona, tana jira. Zulai, sai da babban yatsana ya yi nauyi. Baiwar Allah tana ta wahala saboda ni, raina yana ce min danna mata ko sau ɗaya kada ta ji ba daɗi. Na tura hannun ƙarƙashin cinyata na zauna a kai.

Da muka shiga wurin babban likitan, shi ma dattijo ne, har da furfura a gemu. Ya rubuta a takarda ya turo min: yaya jikin? Amsar nan ta zo har bakin leɓena, ita da ta saba hanya. Sai na tuna ki a bakin rijiya da waya a hannu. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, babu sauƙi. Tun ranar ban sake jin muryar matata ba." Ban san da wane irin ƙarfi na faɗa ba, tunda ba na jin kaina, amma Anti Nafisat ta ce har na kan layi sun ji.

Ya rubuta cewa na dama ya tafi, sai dai haƙuri. Na hagu akwai saura, kuma na'ura za ta iya ɗaga shi. An kai takardun cikin wa'adi, sun karɓa, sun sake buɗe maganar a matsayin rauni mai ɗorewa. Anti ta ce sauran tafiyar da ɗan nisa, aikin ofis ba ya gaggawa, in sa haƙuri. Abu ya raka ni tasha ranar da za mu tafi, ba wanda ya taɓa shi, yana nan a bakin aikinsa.

Na ce zan jira sai na'urar ta zo tukuna in zo muku da kunnena. Jiya na dawo daga aiki, ruwa ya sauko, na tsaya a ƙofar ɗaki ina kallonsa yana dukan kwano ba ƙara, na ga tabarmarki a jingine, sai na ga jiran ya isa haka. Na shimfiɗa ta.

Ina tafe ranar kasuwa a motar Maikasuwa, ki ƙara ɗaure kayan. Zan fara shiga zaure in kalli bakin Kawu kamar yadda ya yi izini. In na shigo cikin gida kuma, likita ya ce wanda ya matso kunnen hagu sosai ya yi magana a hankali, mai yiwuwa in tsinci wani abu. Don haka ki miƙo min yarinyar ta wannan kafaɗar, ke ma ki tsaya ta haguna, kusa, ki ce min sannu da zuwa. In ban ji ba, ki sake faɗa.

Naki,
Shafi'i.